Gyaran kicin: ta ina zan fara, kuma shin raina ni'imar Allah ne?

Wata baiwar Allah ce daga Kano ta aiko da tambaya. Ta ce shekararta 16 a gidan mijinta, gidan nasu ne ba haya ba, 'ya'yansu biyar. Kicin ɗinta ƙafa 10 ne da ƙafa 12, taga ɗaya ce ƙarama, bango ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, daɓen siminti ya farfashe, ruwa kuma sai an ɗebo a jarka daga famfon tsakar gida. Ta ɗauki adashi, maigida ya ce zai cika mata, tana son sanin ta ina za ta fara. Sai ta ƙara da abin da ya fi damunta: duk lokacin da ta kalli hotunan kicin a waya sai ta ji ta tsani nata, daga baya kuma tsoro ya kama ta kada ya zama butulci take wa Allah, tunda mahaifiyarta a kan duwatsun murhu uku ta yi musu girki har suka girma.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a abin da aka tara, ya sa a gama lafiya.

Ni magini ne, sama da shekara 20 ina aikin gidajen mutane, kuma babu ɗakin da na fi fasawa in sake kamar kicin. Dalili shi ne da ragowar bulo ake gina shi. Maigida zai zauna ya tsara falo, ya tsara ɗakinsa, ya auna wajen ajiye mota, sai an kusa gamawa ya nuna wani lungu ya ce "nan a yi mata kicin". Wadda za ta yi awa biyar ko shida a ciki kullum ba wanda ya tambaye ta. Ke kuwa ga shi kuɗi a hannunki, magana a bakinki, don haka kada ki bari a sake yi miki irin na farko da sabon tayil a kai.

Bari in fara cire miki ƙayar da ke ranki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Baƙin da kike gani a bangon nan, irinsa ne kike shaƙa ke da yaron da kike goye da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum kusan miliyan 3.2 ne suka mutu sanadin gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda mafi yawanta hayaƙin girki ne na itace da gawayi da kananzir, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Wanda ya buɗe taga don ya kare ƙirjin iyalinsa bai yi wa Allah butulci ba. Abin da zan ce ki yi hattara da shi shi ne hotunan nan. Zan dawo kan maganar ni'ima, domin ina da abin faɗi a kai, amma a fara da aikin.

Kicin ɗin da kike gani a waya an tsara shi ne don wani irin girki daban. A can Turai aka fara tsara shi. Wanda ya fi shahara shi ne na birnin Frankfurt a Jamus, wanda wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya ta fitar a 1926 don ƙananan gidajen ma'aikata. Mace ɗaya, a tsaye, da ƙananan tukwane, tana dafa wa mutum uku ko huɗu. Ke kuwa tuwon mutum bakwai kike tuƙawa, ban da baƙi da almajiri da kwanon maƙwabta. Ki gwada ɗora tukunyar tuwo a kan kanta mai tsayin ƙafa 3 ki kama muciya: bakin tukunyar zai zo miki ƙirji, kafaɗa ce za ta yi aikin da ya kamata nauyin jiki ya yi, kuma in tuwon ya yi tsalle fuska zai nufa. Na sha ganin gidan da aka kashe maƙudan kuɗi a kicin, wata uku bayan nan matar ta koma tsakar gida da kujerar tsugunno da murhun gawayi, kicin ya zama wajen dafa shayi da taliyar yara.

Saboda haka nake ba matanmu shawarar wajen girki hawa biyu. Kanta mai tsayi don yanka da wanke-wanke da ƙaramin girki, sannan a gefe guda a yi dakali gajere, wanda in an ɗora kan gas mai baki ɗaya a kai bakin babbar tukunya zai tsaya daidai ƙugunki ko ƙasa da haka. A nan za ki tuƙa tuwo, ki dama kunu, ki yi suyar Sallah. Turmi kuma kada ya taɓa sauka a kan tayil, zai fasa shi ko da wane iri ne. A bar masa daɓen kankare a bakin ƙofar kicin ta waje, a yi rumfar kwano a kai. Wannan rumfar ita ce kuma wajen gawayi da itace ranar da gas ya ƙare ko ya yi tsada, ko ranar suna da biki. Gawayi ba ya shiga rufaffen ɗaki: yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai ya ji ciwon kai da jiri da barci, wasu daga nan ba sa tashi. A lokacin hunturu aka fi samun wannan, sa'ad da ake rufe ko'ina saboda sanyi.

Tsayin kanta kuwa, kada birkila ya yanke miki da ka. An saba ƙafa 3, wato kusan santimita 90, amma mata ba tsayinsu ɗaya ba. Ki tsaya da takalmin da kike girki da shi, ki lanƙwasa hannu, a auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunki, a cire santimita 10 zuwa 15. Abin da ya rage shi ne tsayinki. Faɗin kanta ƙafa 2. In za a yi kanta a bango biyu masu kallon juna, a bar aƙalla ƙafa 4 a tsakani don ke da 'yarki ku iya giftawa da tukunya mai zafi ba tare da kun yi karo ba. A ɗaki mai ƙafa 10 da 12 ni na fi son kanta mai kusurwa, ta bi bango biyu masu haɗe, a bar tsakiya fili. Wajen wanke-wanke, wajen wuta da firji su kasance kusa da juna yadda taku biyu ko uku zai kai ki, amma kada firji ya jingina da murhu, kuma a bar fili tsakanin wajen wanki da wuta domin nan ne za ki riƙa yanka da jajjage.

Yanzu inda kuɗinki ya kamata ya fara tafiya. Abubuwan da ba a gani su ne suke cin mutum: iska, bututun ruwa, wayar lantarki. Tayil da durowa su ne na ƙarshe, su ne kuma za a iya jinkirtawa zuwa adashi na gaba.

Iska tukuna. Ƙa'idar da muke bi ita ce faɗin taga kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma na faɗin ƙasan ɗaki. Naki ƙafa 120 ne in an ninka, ke nan taga mai ƙafa 3 da 4 ita ce mafi ƙaranci, kuma a kicin gara a wuce haka. Taga ɗaya ba ta fitar da hayaƙi komai girmanta, sai iska ta samu ta inda za ta shiga da ta inda za ta fita. A buɗe wata kafa a bangon da ke fuskantarta, can sama kusa da silin, domin zafi da hayaƙi sama suke taruwa. Bulo mai huji guda huɗu ko shida da raga a bayansa ya isa, kuma ba ya jiran wutar lantarki kamar fankar zuƙe hayaƙi. In kina da zaɓi, ki guji babbar taga a bangon yamma, don rana daga azahar zuwa la'asar a watannin Maris zuwa Mayu za ta mayar miki da ɗakin tanda. Ta gabas kuma tana son rumfa a kanta, tunda hadarin ƙasarmu daga gabas ya fi tasowa, ruwan yana dukan bangon kai tsaye. Kafin a fasa bango, a kira wanda ya san gini ya duba. Yawancin gidajenmu babu ginshiƙai, bangon ne ke ɗauke da rufi, duk inda aka buɗe kuma sai an zuba lintal, wato kankaren da ke tallafe bango a kan taga ko ƙofa, da rodi a sama. Sannan ki duba ina hayaƙin zai fita. In tagar maƙwabcinki ce a wajen, a sauya wuri. Haƙƙin maƙwabtaka ya fi tayil tsada. Silin na roba kuma ban yarda a sa shi saman wuta ba, yana narkewa ya ɗigo in gobara ta tashi.

Maganar gas tana da ƙa'ida guda da mutane da yawa ba su sani ba: ya fi iska nauyi. In ya zuba ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ya taru a cikin durowa da lungu. Shi ya sa tukunyar gas, ko mai kilo 6 ce ko mai 12.5, ba a rufe ta a durowar ƙarƙashin murhu. A gina mata ɗan keji a waje, a inuwa, da ƙofar ƙarfe mai raga da kwaɗo saboda ɓarayi da yara, tana tsaye ba a kwance ba, a huda bango a shigo da bututun. A bar 'yar kafa a ƙasan ƙofar kicin ko ƙasan bango. Duk ranar da aka canza tukunya, ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a mahaɗar. In ya yi kumfa yana hurowa, akwai yoyo. Ashana ba abin gwaji ba ce. In kin shigo kin ji wari, kada ki kunna fitila kada ki kashe, ki rufe daga kan tukunyar, ki buɗe ƙofa da taga, ki fitar da yara. Wutar kuma shuɗiya ya kamata ta zama; in tana yin ja tana baƙanta gindin tukunya, kan ya toshe ko iska ba ta isa. Abin sha'awa, shi gas ɗin a asalinsa ba ya wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya gane. Ban san adadin gidajen da warin nan ya tsirar ba a unguwarmu kaɗai, amma nawa na ciki.

Ruwa kuma shigowarsa ba ta kai fitarsa wahala ba. Bututun da zai kwashe ruwan wanke-wanke kada ya gaza inci 2, a ba shi gangara kamar santimita 2 a kowace mita, a rage masa kwana-kwana. Ƙarƙashin sinki akwai wani lanƙwasasshen bututu da ke riƙe ɗan ruwa a cikinsa kullum. Wannan ruwan ne ke tare warin kwata da kyankyaso. Wasu masu aikin famfo kan tsallake shi don sauri, ki tsaya sai an sa. Manja da man gyaɗa da kitsen nama su ne ke toshe bututu, suna daskarewa a ciki musamman da sanyi, sai tsakin shinkafa da dusa su manne. A gina ɗan akwati mai murfi a waje inda ruwan zai fara zuba kafin ya wuce, maiƙo ya taso sama ana kwashewa duk mako. A ƙasan kicin ma a sa magudana a kusurwa, daɓen ya gangara zuwa gare ta kaɗan, yadda in kin wanke ƙasa ruwa zai tafi da kansa. Tayil ɗin ƙasa ya zama mai kaushi. Ki jiƙa hannu ki shafa shi a kasuwa kafin ki saya. Mai sheƙi na bango ne. Ƙasa mai santsi da ruwan kuɓewa da mace mai ciki ba sa haɗuwa.

Na taɓa yin kuskure a nan, tun ina sabon hannu. Mai aikin famfo ya gama, ya ce komai lafiya, na yarda da bakinsa na sa aka yi filasta aka manna tayil. Wata biyu sai bangon ɗakin da ke bayan kicin ya fara jiƙewa, fenti yana kumbura. Mahaɗa ɗaya ce bai liƙa da kyau ba. Da kuɗina na fasa na sake. Tun daga ranar ba na rufe bututu sai an sakar masa ruwa ya kwana biyu ina dubawa, sannan in ɗauki hoton bangon da waya kafin filasta, don gobe mai kafa ƙusa ya san inda bututu ya bi. Ki yi haka ke ma, hoton ya zauna a wayarki.

Wayar lantarki ita ce inda araha ba ta ado. Soket na kicin waya mai kauri 2.5 (lambar da ake sayar da ita da ita ke nan) yake so, fitilu 1.5, in kuma akwai murhun lantarki ko tanda a ja masa layinsa daban da mai kauri 4 ko 6 gwargwadon ƙarfinsa. Ta zama tagulla zalla; akwai ta jabu da ake shafa wa ruwan tagulla a sama, ki sa a kankare bakinta da wuƙa a gabanki, in ciki fari ne a mayar. Wayar ƙasa, wadda ke kwashe wuta in ta zuba a jikin firji, dole ce a ɗakin da ake aiki da jiƙaƙƙen hannu, haka ma na'urar nan da ke yanke wuta da kanta in ta ji yoyo. Soket ya hau saman kanta, nesa da famfo da wuta, kuma ki ƙirga kayanki ki ƙara biyu, don kada a koma jona waya a kan waya. Fitila ɗaya a tsakiyar silin inuwarki za ta riƙa jefawa kan abin da kike yankawa. A ƙara wata saman kanta, in da hali mai aiki da sola.

Ita kantar, ni na fi amincewa da ta kankare: a ɗaga ƙafafu da bulo inci 6, a zuba dakali da rodi, siminti ɗaya yashi biyu tsakuwa huɗu, a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, don haka kada a yi gaggawar ɗora masa nauyi. A sama a shimfiɗa dutse ko babban tayil, a ƙasa kafinta ya sa ƙofofi kawai. Katakon nan na garin katako da aka matse yana da kyau ranar farko, amma da ya sha ruwa sai ya kumbura kamar burodi, gara kuma ba ta raina shi. In za a yi amfani da shi, a bar shi a durowar sama. Ƙasan durowa a ɗaga shi inci 4 daga daɓe. Buhunan hatsin kasuwar Dawanau kuma, masara da gero da wake, kada su zauna a ƙasa ko su jingina da bango. A yi musu ɗan sito ko dakali na katako, a toshe duk ramin da bututu ya ratsa bango da siminti, domin ta nan ɓera ke shigowa.

Kayan aiki ki sa maigida ko ɗan'uwanki ya zaga kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa da kansa ya ji farashi a shago uku a makon da za a saya. A ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin a gefe, don ba a taɓa fasa tsohon gini ba a tarar da abin da ba a zata ba. Ma'aikata a biya su mataki-mataki, a rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai, a riƙe kaso na ƙarshe sai an gwada ruwa da wuta. Amma wanda ya gama nasa a sallame shi a ranar. Hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe mu leburori muka fi kowa haddace shi. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: kada a fara saura mako biyu azumi. Aikin da birkila ya ce kwana goma, ki lissafa wata guda.

To, a cikin watan aikin nan za ki koma girki a tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, kwanuka a cikin baho, yaji a leda. A nan nake so ki nemi amsar tambayarki ta biyu, domin a nan na samu tawa.

Akwai ayoyi a Suratul Waƙi'a da duk lokacin da na ji liman ya karanta su sai in tuna madafar mahaifiyata. Daga aya ta 63 zuwa ta 73 Allah ya yi tambaya a kan abubuwa uku a jere. Abin da kuke shukawa, ku ne ke tsirar da shi ko Mu? Ruwan da kuke sha, ku kuka saukar da shi daga girgije ko Mu, kuma da Mun so da Mun mayar da shi ruwan zartsi? Wutar da kuke kunnawa, ku kuka halicci bishiyarta ko Mu? Hatsi, ruwa, wuta. Ki duba da kyau, Hajiya, kicin ke nan gaba ɗayansa. Duk abin da na lissafa miki a sama, bututu da keji da sito, hanya ce kawai muke gyara wa waɗannan ukun su shigo su fita lafiya. Ni ban taɓa ƙera ɗigon ruwa ba, fayif kawai nake ja. Kuma ukun nan suna cikin kicin ɗinki mai baƙin bango shekara 16, suna cikin na mahaifiyarki mai duwatsu uku. Baƙin bangon ma shaida ne cewa an hura wuta a gidan nan kusan kullum. Ki ninka 16 da 365, za ki samu kwana 5,840. Ko sau biyu kawai ake ɗora tukunya a yini, an haura girki 11,000, kuma ga shi kina lissafa 'ya'ya biyar a raye.

Na shiga gidajen da kicin ɗinsu fes yake, ba ɗigon hayaƙi, saboda ba abin dafawa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta gaya wa ɗan 'yar'uwarta Urwatu cewa sukan ga jinjirin wata sau uku a cikin wata biyu ba a hura wuta a gidajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba. Ya tambaye ta da me suke rayuwa, ta ce dabino da ruwa, sai madarar da maƙwabta mutanen Madina kan aiko musu. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Ban kawo wannan don in sa ki jin kunyar tayil ba. Shi da kansa Annabin ya kula da lafiyar gida har ƙananan abubuwa: ya yi umarni a rufe kwanuka, a ɗaure bakin salka, a kashe fitila lokacin barci domin ɓera kan ja lagwani ya ƙona gida. Da wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, in za ku kwanta ku kashe ta. Ke nan rufe tukunyar gas kafin barci da gwajin ruwan sabulu suna cikin ɗaure raƙumi kafin a ce an dogara ga Allah.

Inda nake ganin haɗarin yake shi ne kalmar da kika yi amfani da ita, "na tsani nawa". Son gyara daban, tsana daban. Hoton waya yana nuna miki na sama da ke dare da rana, alhali an umarce mu da duban na ƙasa da mu don kada mu raina ni'imar da ke kanmu. Alamar da za ki gane wanne ne ke jan ki mai sauƙi ce: in abin da kike son saya zai rage miki hayaƙi, ciwon baya, ɗaukar ruwa ko haɗari, buƙata ce. In kuwa amfaninsa kawai ƙawarki ta shigo ta ce "kai!", kuma sai an ci bashi ko an taɓa kuɗin makarantar yara, a bar shi. Na ga matan da aka gama musu kicin na gani na faɗa, murnar ba ta kai wata biyu ba suka ga wani hoton.

Sannan ki lura da ta hannun wa kulawar Allah ke zuwa, don ba kasafai take saukowa kai tsaye ba. Matan da kuka yi adashin tare, kowacce ta haƙura da nata har zagaye ya zo kanki. Maigida da ya ce zai cika. Yaran da suke ɗauko jarka: mai lita 25 kilo 25 ce, in gidanki na shan takwas a yini, kilo 200 ke nan ake jigila kullum, rabin buhun siminti sau takwas. Ranar da kika murɗa famfo a cikin kicin ruwa ya zubo, ki tuna wuyan da suka huta, ki kira su ki gode musu, don wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Mahaifiyarki kuma, in tana raye, ban ga abin da zai fi dacewa ba kamar a rage wani abu daga kuɗin ado a buɗe mata taga a tata madafar, ko a saya mata ƙaramar tukunyar gas a koya mata. Tawa idanunta kullum ja suke, muna yara muna zaton haka Allah ya halicce ta. Sai da na girma na fara aikin gini na gane kunkunniyar da ke rataye a rufin madafarta ita ce a idonta. Ban samu damar gyara mata ba, Allah ya jiƙanta.

Abu guda da nake roƙon duk wadda na yi wa kicin: kada sabon wuri ya rage girman tukunya. Tsohuwar madafa a buɗe take, maƙwabciya ta leƙo ta ɗebi wuta, almajiri ya yi sallama a ji shi. Kicin na zamani yana da ƙofa da makulli, sai a wayi gari ba a jin kowa. Annabi ya ce wa Abu Zarri in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabtansa. Shi ya sa nake son ƙofar kicin ta biyu mai fita tsakar gida, ko taga mai faɗin dakali da za a iya miƙa kwano ta cikinta.

A wannan makon kada ki sayi komai. Ki samu alli ko gawayi ki zana kantar a ƙasan kicin ɗin yadda kike so, da wajen sinki, da gajeren dakalin tuwo, da inda firji zai tsaya, ki yi girkin kwana uku kina bin zanen kamar an riga an gina. Duk inda kika ji kina tsallake layi ko kina karo da ƙofa, ki goge ki matsar. Ranar da birkila zai zo awo, ki tsaya a wajen da babbar tukunyarki da muciya a hannu, a auna da su.